Wadda Take Jiran Butar Baffa

Baffa ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa na Malali, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, a kan wannan ba ni da ta cewa. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne abin da kunnena ya ji a zaman makokinsa, da abin da idona ya gani ranar uku.

Ina zaune a ɗakin mata ina karɓar gaisuwa wata maƙwabciya ta shigo. Ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta shafa addu'a, sannan ta karkata wajen ta kusa da ita ta ce, "Wai shi ne tsohon nan mai kai mage asibiti?" Su biyun suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu suna rawa. Ta taga kuma ina jiyo maza a rumfa. Wani ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam mai mage," aka amsa da amin haɗe da dariya ƙasa-ƙasa. Wani tsohon abokin aikinsa, wanda ya sha cin tuwo a gidan nan, shi ne ya ce, "Ai tsufa ne. Da can mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa."

Wannan "da can" ɗin ya ƙona mini rai fiye da dariyar. Har ranar da Baffa ya koma ga Allah babu abin da ya taɓa hankalinsa. Mutum ya yi rayuwa mai tsawo, ya yi aiki, ya riƙi marayu, amma a ranar da ya kamata a tuna shi an naɗe shi gaba ɗaya an mayar da shi abin raha. Ban yarda ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Baffa yayan mahaifina ne. Ina ƙarama mahaifina ya rasu, aka ɗauko ni daga wajen dangin uwata can ƙasar Zamfara aka kawo ni Kaduna hannunsa. Na zo da bakin mutanen can. In ce "tahi" inda 'ya'yan gida suke cewa tafi, in ga mage in ce mussa. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ne shugaban masu yi mini dariya. Ya kan tsare ni a tsakar gida ya ce in sake faɗa, ƙannensa suna faɗuwa ƙasa don dariya. Na daina magana a gidan sai dole.

Baffa bai daki kowa ba, bai yi wa kowa faɗa ba. Wata rana kawai ya fito cin abinci ya juya harshensa ya koma irin nawa. "Ɗiyata, taho ki zamna nan." Ya ci gaba da haka da matarsa, da 'ya'yansa, har da baƙin da suka zo daga ofis. Babu wanda ya isa ya yi wa maigida dariya, don haka dariyar ta mutu da kanta. Sai da ya ga na fara surutu a tsakar gida sannan ya koma bakinsa na da. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Aikinsa fassara ne a wata ma'aikatar gwamnati, daga Turanci zuwa Hausa, har ya yi ritaya. Ritayar ba ta raba shi da kalmomi ba, sai ma ta ba shi lokaci. Ba a cin abinci a gabansa a tashi ba a ji asalin wani abu ba. Ya gan ki kina yanka albasa sai ya ce, "Ki yi mata a hankali, baƙuwa ce, daga Larabawa ta zo." Ki ƙyasta ashana ya ce wannan kuma Yarbawa suka ba mu aronta ba mu mayar ba. Tasha da asibiti da likita, ya ce duk daga bakin Turawa suka faɗo, harshen Bahaushe ya tsince su ya ɗinka musu riga daidai jikinsu. Ya taɓa tsayar da kwandasta a tashar Kawo yana yi masa bayanin inda sunan aikinsa ya fito, fasinjoji suna ta ihu a tafi. Da ya dawo yana ba mu labari, abin da ya dame shi kawai shi ne bai ƙarasa bayanin ba.

Yana da gajiyarwa, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ba ya ƙarya a kan kalma. Idan bai sani ba zai ce, "Wannan ban san gidansu ba." Kalmar mussa ma haka ya bar ta. Ya ce yana zaton daga Buzaye ta gangaro mana, amma bai tabbatar ba, kuma ba zai rantse a kan zato ba.

Inna, matarsa, ita ta tsinto magen tana 'yar mitsitsiya a bakin kwata, ruwan sama ya jiƙe ta. Lokacin duk mun yi aure, ni ina Kawo, Yaya yana Abuja, sauran kowa ya kama gabansa. Baffa ya dubi abin da ke cikin zanin Inna ya ce, "Sunanta Mussa, don kalmar ɗiyata ta samu wurin zama a gidan nan." Inna ta rasu ta bar su su biyu a gida mai ɗakuna da yawa, sai mai aiki da take zuwa da safe ta tafi da yamma.

Bayan rasuwar Inna aka yi rigimar farko. Yaya ya zo ya ce Baffa ya haɗa kaya ya koma Abuja wajensa, an gyara masa ɗaki. Baffa ya ce to, a nemo kwandon da za a sa Mussa.

"Baba, maman yara ba ta son mage a gida."

"To koma ka tambaye ta ko tana son tsoho," in ji Baffa. "In tana so, ka gaya mata da magensa yake tafe."

Ba a sake maganar Abuja ba. Daga nan sai waya. Na sha zama kusa da shi in ji yadda wayar take ƙarewa. A gaisa, a tambayi jiki, Baffa ya gyara zama ya ce, "Kai, ka san kuwa kalmar nan," sai a ce, "Baba, ina cikin mitin, zan sake kira." Ya kan dubi wayar na ɗan lokaci, ya ajiye, ya juya ya ƙarasa wa Mussa bayanin. Ita tana kwance a kan ƙafarsa tana lumshe ido, ba ta taɓa ce masa tana da mitin ba.

Da Mussa ta manyanta sai ta fara ramewa. Tana yawan fitsari, tana amai, gashinta ya dushe. Ni na raka shi wajen likitan dabbobi, shi rungume da ita a cikin tsohon zanin Inna. Aka ɗebi jininta aka auna, likita ya ce ƙodarta ta fara gazawa. Ya ce ba ta warkewa, amma idan aka kula za ta daɗe cikin jin daɗi. Ta sha ruwa da yawa, kada gishiri ya taɓa bakinta, a rage mata nama, idan jikinta ya bushe a kawo ta a ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata da allura. Baffa ya saurara kamar ɗalibi. Sai da likita ya gama sannan ya ce masa allurar da ke hannunsa ma Balarabiya ce.

Daga ranar gidan ya canja. Aka ware wa Mussa tukunyarta, ana dafa mata 'yar kaza da kabewa ba gishiri ba magi. Mai aiki ta taɓa zuba mata romon miyar gida don ta huta da dafa biyu, Baffa ya ɗanɗana da yatsa ya gane. Ranar ne kaɗai na taɓa jin ya ɗaga wa mai aiki murya, kuma kafin yamma ya je har kicin ya ba ta haƙuri, amma bai janye ko kalma ɗaya ba. Ya jera kwanonin ruwa a falo da baranda da bakin ɗakinsa. Sai dai Mussa ba ta damu da ruwan da ke zaune a kwano ba, ta ɗan lasa ta wuce.

Baffa ne ya gano abin da take so. Yana da tsohuwar butar ƙarfe mai lotsattsen gefe, da ita yake alwala tun muna yara. Wata rana yana zuba ruwa a hannunsa sai ta zo ta sa baki a zirin ruwan da ke fitowa daga bakin butar, ta sha, ta sha, har ya gaji da riƙo. Shi ke nan ya zame musu al'ada. Da an kira salla Mussa za ta riga shi zuwa bakin rariya ta zauna. Ya cika buta, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya tsiyaya mata a hankali yana yi mata hira har ta ƙoshi, sannan ya sake cikawa ya yi alwala. Ya kan ce ladanin unguwa bai san shi ne yake rubuta wa Mussa lokacin shan magani ba.

Ta murmure. Ta yi ƙiba daidai, gashinta ya dawo yana sheƙi, ta koma hawa katanga tana fakon ƙadangaru. Shekaru ta yi a haka. Likitan da kansa ya kan yi mamaki idan aka kai ta awo.

Wani maƙwabci ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci, a gaban mutane, ya ce, "Malam, mutane suna mutuwa da ciwon ƙoda a asibiti, kai kana jinyar mage."

Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Wane ne daga cikinsu ka je dubawa, in bi ka gobe?"

Alhajin ya shige masallaci abinsa. Baffa kuwa da gaske yake, don shi mai zuwa dubiya ne. Leburorin da ke gini a layinsu, 'yan Zamfara da Katsina, wajensa suke kawo takardun asibiti ya karanta musu ya fassara, wani lokaci ya sa hula ya raka su. Su ma sun zo gaisuwa, suka zauna can gefen rumfa a ƙasa, kuma ban ji dariya daga wajensu ba.

Yanzu in zo kan kwanakin makokin. Tun ranar farko na gaya wa duk wanda ke shiga kicin cewa kada a ba Mussa abincin mutane, kada a taɓa kwanoninta. Kafin magariba an kwashe kwanonin an zuba wa baƙi ruwan wanke hannu a ciki. Butar Baffa an fitar da ita waje an jera cikin butocin roba don masu alwala. Gida ya cika da ƙafafu, Mussa ta shige ƙarƙashin gadonsa. Na kai mata ruwa can, ta kawar da kai. Amma da an kira salla sai ta fito, ta ratsa tsakanin mutane ta je bakin rariya ta zauna tana duban ƙofar ɗakinsa. Masu alwala su kore ta da takalmi. A kira wata sallar ta sake fitowa, a sake korarta. Kowa a cikinsu ya san abin da addini ya ce game da dabbar da aka bari da ƙishirwa, wasunsu ma su suke koya wa yara.

Goggo, ƙanwar Baffa, ita da zuciya ɗaya ta yi nata. Ta ga magen ta rame, ta tuna ɗan'uwanta yana sonta, sai ta riƙa tura mata soyayyen naman sadaka da kilishi ƙarƙashin gado. Da na kama ta na ce, "Goggo, wannan zai kashe ta." Ta ce, "Ke ƙyale ni, a ba ta ta ci, ladan ya kai masa." Na rasa yadda zan yi fushi da tsohuwar da ke kuka, amma na yi.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, Yaya ya shigar da manyan baƙinsa na Abuja falo. A nan Mussa ta fito tana tangaɗi ta yi amai a kan kafet, a gaban takalman wani babban mutum. Ina ɗakin mata ban gani ba. Sai can Goggo ta shigo ta zauna ta ce, "To, an huta. Yayanku ya sa an sa ta a buhu. Direban da zai mayar da mutanen Zariya zai sauke ta a Rigachikun, wai akwai kasuwa, ba za ta rasa ɓeraye ba."

Tsohuwar mage mai ciwon ƙoda, wadda ba ta sha ruwan kirki ba tun ranar da aka fita da gawar mai ita, ita za a jefar a bakin titi ta nemi ɓeraye. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ja mayafi na fita ta ƙofar gida, na ratsa tsakiyar rumfar maza, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Motar tana bakin hanya an riga an tayar da ita. Na dafa but ɗin bayan motar, inda ake sa kaya, na ce wa direba ya buɗe.

Yaya ya taso da babbar rigarsa. "Ke, lafiyarki? Koma ciki, maza ne a nan."

"A buɗe mini but ɗin nan, Yaya."

"A kan mage za ki kunyata mu gaban baƙi? Baba ya rasu, wa zai zauna yana wannan wahalar? Ai mun yi haƙuri da abin nan tun yana raye."

Wai sun yi haƙuri. Na nuna masa butocin da ke jere a bakin kwata, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ga butoci nan. Nuna mini wadda mahaifinka yake alwala da ita."

Ya duba. Akwai na roba masu launi-launi, akwai na ƙarfe da aka aro daga masallaci da maƙwabta. Ya duba daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Tun yana yaro butar nan take gidansu, amma bai iya nuna ta ba. Na je na ɗauko ta da kaina. Limamin unguwa ya yi gyaran murya ya ce wa direba, "Buɗe mata." Buhun yana motsi kaɗan-kaɗan, an ɗaure bakinsa da igiyar rumfa. Na rungume shi a hannu ɗaya, buta a ɗaya, na tsayar da mai keken haya na shiga. Ko sallama ban yi wa mutanen ciki ba.

Na san abin da aka ce a bayana. An ce ba ni da kunya, an ce riƙon da Baffa ya yi mini ne ya sa na ɗauki kaina 'yar gida. An cire ni daga guruf ɗin iyali na waya. Yaya bai ƙara kirana ba har yau, ni ma ban kira shi ba. Maigidana da ya ga buhu a tsakar gida ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, sai ya tambaya ko a kira likita.

Likita ya zo ya ƙara mata ruwa da allura. Ya ce wannan zai riƙe ta na ɗan lokaci kawai, idan ba ta koma sha da kanta ba to mu shirya. Ta lallaɓa ta shige bayan firji ta kwanta. Na ajiye mata kwano, na dafa kaza da kabewa, na zauna ina kiran sunanta. Ko kallona ba ta yi ba. Na ce a raina sun kashe ta, buhun ne kawai na ƙwace.

Washegari ladanin masallacin layinmu ya kira azahar. Ba muryar da ta saba ba ce, masallacin ma ba na Malali ba ne. Ina tsakar gida na ji wani ɗan motsi. Ta fito daga bayan firji tana taka ƙafa da ƙyar, ta tsaya tana dube-dube, gidan baƙo ne a wajenta. Ta gano rariyarmu da kanta, ta je ta zauna a bakinta. Na cika butar Baffa, na durƙusa, na karkata ta. Ruwa ya zubo siriri. Ta dube shi, ta dube ni. Na ji bakina yana cewa, "Sha, Mussa. Kin san albasa baƙuwa ce, daga Larabawa ta zo." Ta sa baki.

Tun ranar rasuwar ban yi kuka ba, fushi ya tare hanya. A nan bakin rariya na yi shi, buta a hannu, ina tsoron in motsa kada ruwan ya yanke.

Mussa tana nan. Ta mayar da jikinta, tana hawa katangar Kawo kamar a nan aka haife ta. 'Ya'yana sun san ba a ba ta abin da ya taɓa gishiri, kuma sun san babu mai alwala a gidan nan sai ta sha. Baffa ya taɓa gaya mini cewa ta'aziyya kalmar Larabci ce, asalinta a ba mutum haƙuri a kan abin da ya rasa. Duk wanda ya ba ni haƙuri a kan rasuwarsa na karɓa, na gode. A kan buhun nan kuwa kada kowa ya wahalar da kansa, ban haƙura ba tukuna.

Allah Ya gafarta wa Baffa, Ya haɗa shi da Inna, Ya shayar da shi ruwan da ba a ƙishirwa bayansa, kamar yadda ya durƙusa da gwiwa mai ciwo ya shayar da wadda ba ta iya roƙo. Zan tsaya a nan. An kira la'asar, tana can bakin rariya tana jirana.